Ranar da Badamasi Ya Danna Faifan da Ba Shi Ba

Shekara goma sha tara ke nan shagona na ɗinki yana jingine da shagon Badamasi a bakin titin Tudun Wada. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa, wani na gani da idona, wani kuma shi ya gaya mini da bakinsa a kan bencin da muke cin abincin rana.

Ɗan Burumburum ne. Mahaifinsa manomin dawa da masara ne, ya kuma so ɗansa ya gaje shi, amma tun Badamasi yana saurayi hankalinsa ya tafi ga duk abin da ke da waya a ciki. Da rediyo ya fara. Da wayar hannu ta shigo sai ya tafi Kano ya yi wata takwas yana koyo, daga baya ya haɗa da kwamfuta. Karatunsa bai wuce aji uku na sakandare ba. Turancinsa na ido ne: zai karanta abin da kwamfuta ta rubuta ya gane, amma in ka yi masa Turanci sai ya yi murmushi ya amsa maka da Hausa. Gonar uban bai yar ba. Da damina yakan rufe shago kwana biyu a mako ya tafi noma.

Mutum ne marar gaggawa. In ya kwance na'ura, sai ya jera ƙananan kusoshinta a murfin gwangwanin madara bisa yadda ya cire su. Ban taɓa jin wani ya zo yana faɗa cewa an ɓatar masa da hoto ko takarda a shagon ba.

Da ya haura hamsin da biyar sai ido ya fara gaza masa. Ni na fara lura. Sai in ga ya fito bakin ƙofa da waya a hannu, yana nesanta ta da fuskarsa yana ƙanƙance ido. Na ce masa ya je a auna shi a ba shi tabarau.

Ya ce, "Kamilu, rufa mini asiri. Wa zai ba mai gyaran da ba ya gani kayansa?"

Na ce ai likitoci ma suna sawa. Ya yi dariya ya koma ciki.

A daminar bara ne Malam Jibril ya zo daga Dangora. Dattijo ne mai koyar da littattafai a zauren gidansa, dogo, mai magana a hankali. Ya sauka daga mota rungume da wata tsohuwar kwamfutar cinya da ya naɗe a cikin rawani saboda yayyafi. Ya yi sallama, muka gaisa, Badamasi ya share masa kujera. Ni ma na matso, don ba ni da aiki a lokacin.

Malam Jibril ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar waƙoƙin wa'azi arba'in da ɗaya da ya rubuta da ajami a kan takardu warwatse. Gara ta ci wasu gefuna, wasu kuma in ka taɓa sai su marmashe. Shekara shida ya yi yana kwafe su cikin kwamfutar nan da yatsa biyu, bayan ya sallami ɗalibai. Da ya gama, a shekarar da ta biyo baya rufin ɗakin littattafan ya yi yoyo a kan akwatin, rabin takardun suka zama kunu.

"Yanzu," in ji shi, "abin da Baba ya bari yana cikin nan. Kwana uku ke nan tana wani ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce, tana kuma sanƙarewa."

Badamasi ya kunna ta ya kara kunnensa. Fuskarsa ta canza.

"Allah gafarta Malam, faifan da ke ajiye komai ne yake mutuwa. Sai an sa sabo."

"Rubutun fa?"

Nan ne wuyar take. Ashe wata tsohuwar manhajar rubutun Larabci da ajami ce Malam ya yi aikin da ita. Wani ɗalibinsa ne ya saka masa tun da daɗewa, ɗalibin ya bar ƙasar, faifan manhajar da lambarta kuma babu wanda ya san inda suke. Rubutun ba ya buɗuwa sai da ita. Ko an kwashe waƙoƙin an kai wata kwamfuta, ba abin da za a gani. Saboda haka Badamasi ya ce sai dai a ɗauki faifan kacokan yadda yake, da manhajar da rubutun da komai, a dunƙule a wuri ɗaya, sannan a juye a sabon faifai. Wannan dunƙulen shi masu gyara suke ce wa imej.

Malam Jibril ya ce, "Ni ban san kan abin ba. Amana ce na kawo maka."

Ya bar ta ya koma Dangora.

Wuni guda Badamasi ya yi yana ɗaukar imej ɗin zuwa wani faifan waje da yake ajiye aikin mutane. Da ya zo wasu wurare sai aikin ya tsaya, kwamfutar ta rubuta cewa nan ba ya karantuwa. Ya umarce ta ta tsallake ta ci gaba, don tsoron kada faifan ya mutu a hanya. Ya ce mini in an gama zai dawo kan wuraren da aka tsallake ya lallaɓa su a hankali, ko za su ba da abin da ke cikinsu. Da la'asar aka gama. Ya cire tsohon faifan ya sa shi a wani ɗan akwati mai waya, ya ajiye a gefen tebur.

Sabon faifan da ya saka irin wanda ake kira SSD ne, ɗan falle marar nauyi, ba abin da ke juyawa a cikinsa, ba ya ƙara. Washegari da hantsi ya fara juyewa. Ko minti ɗaya ba a yi ba kwamfutar ta ƙi. Ta ce wurin da za a juye ya yi ƙanƙanta. Tsohon faifan giga ɗari biyar ne, sabon ɗari biyu da hamsin da shida. Abin da ke ciki bai kai giga casa'in ba, amma imej ɗin da faɗin tsohon gidansa ya zo, ya ƙi shiga ƙaramin ɗaki.

Ya gwada rage faɗin, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi, ta ce akwai lalatattun wurare a ciki, ba za ta taɓa girman ba. Kwana biyu yana wannan. Abincin da matarsa Safara'u ta aiko ya huce a kwano. A rana ta uku sai ya jona tsohon faifan ta waya, da niyyar ya duba yadda aka rarraba shi tun asali ko zai gane wata dabara. Yanzu faifai uku ke jone: sabon a ciki, mai imej a waje, da tsohon.

Ranar kasuwa ce, gari ya cika, ga hadari ya rufe rana har shagon ya yi duhu-duhu. Ina cikin taka keke na ji ya ɗaga murya.

"Kamilu! Ta karɓa!"

Na leƙa. Yana tsaye yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Wani layi shuɗi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar. Ya ce ya sake zaɓar faifan a jerin da ta nuna masa, wannan karon ba ta yi gardama ba, ta dai tambaye shi ko ya yarda a goge abin da ke kai, shi kuma ya ce ya yarda, tunda sabon faifai ba komai a kansa.

Muna tsaye sai muka ji ƙaran nan. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Daga gefen tebur yake fitowa, daga ɗan akwatin da tsohon faifan ke ciki, fitilarsa tana ta ƙyaftawa.

Badamasi ya juya ga kwamfutar. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Karanta mini lambar nan. Nawa ka gani?"

Na duba. Na ce, "Ɗari biyar."

Ya yi salati ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba. Ashe tsohon faifan ya danna. Shi ya sa ba ta ƙi ba, don shi girmansa ya isa. Ta riga ta goge tsarin da ke kansa ta fara rubutu. Kafin ya yanke shawarar tsayarwa ko bari, ƙaran ya yi tsawo, ya yanke, layin shuɗin ya tsaya cak. Tsohon faifan bai sake motsi ba, ko a ranar ko bayanta.

Ya cire faifan da ke ɗauke da imej ɗin da hannu biyu, ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a aljihun ƙirji. Duk abin da mahaifin Malam Jibril ya bari yanzu yana nan kaɗai, shi ma da ramuka a ciki.

Ya kira wani abokin sana'arsa a Kano, Nazifi, wanda suka yi koyo tare. Ina jin muryar Nazifi ta wayar.

"Ka bar wahalar rage girma. Imej mai rauni ba ya raguwa. Nemi SSD da ya kai tsohon ko ya fi shi. Tsohon faifan fa, kada ka taɓa shi, akwai yadda ake tatsar wuraren da suka ƙi karantuwa, in an yi haƙuri sau da yawa suna bayarwa."

Badamasi ya ce, "Na riga na taɓa shi."

Nazifi ya yi salati. Sannan ya ce zai ba direban mota babban SSD jibi.

Da azahar ɗin ranar Malam Jibril ya kira yana tambayar aiki. Na ji Badamasi ya ce, "Ana kai, Allah gafarta Malam. Sai dai a ƙara haƙuri." Da ya kashe wayar bai iya duban idona ba.

Kwana biyun da aka yi ana jiran faifan, mutumin ya zama wani iri. Ya bar zama a benci. Masu kawo waya sai ya ce su dawo wani makon. Safara'u da kanta ta zo shagona da mayafi, wai ta kawo ɗinki, amma da ta zauna sai ta ce, "Malam Kamilu, me ya sami maƙwabcinka? Ko tuwo ba ya ci. Faifai yake sawa a ƙarƙashin matashi." Na ce aiki ne ya yi masa tsauri. Ban ƙara ba, don ba nawa ba ne in faɗa.

Da faifan ya iso, ya kira ni tun kafin ya kunna komai.

"Zo ka zama idona. Duk abin da zan danna, sai ka karanta mini sau biyu."

Na rufe shagona na zo. Wannan karon ba abin da ya jona sai sabon faifan da mai imej. Na karanta, ya danna. Layin shuɗin ya tafi har ƙarshe cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Ya cire faifan waje, ya kashe kwamfutar, ya yi bisimilla ya kunna.

Baƙin allo, da rubutu fari layi ɗaya: ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba.

Na ga gumi yana bin wuyansa, ga shi kuwa ana yayyafi. Ya kashe ya kunna sau uku, duk ɗaya. Ya kwance bayan kwamfutar ya cire faifan ya mayar, ko bai zauna daidai ba. Duk ɗaya. Sai ya zauna ya dafe kai yana magana shi kaɗai, yana bin abin da ya yi tun ranar farko ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗago. Ya tuna cewa a rana ta biyu, cikin gwaje-gwajensa, ya shiga saitin can ciki da kwamfuta ke bi kafin ta tashi, wanda suke kira bayos, ya mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. Tsohon tsarin Malam kuwa ta tsohuwar hanya yake tashi, ba sabuwa ba.

Muka shiga. Na karanta masa layukan, ya mayar da ita tsohuwar hanya. Ta fara tashi, alama ta fito, har na buɗe baki zan yi hamdala, sai allon ya koma shuɗi gaba ɗaya da rubutu cike, ta mutu ta sake kunna kanta. Haka ta riƙa yi.

Ya sake kiran Nazifi. Nazifi ya ce akwai wani saiti kuma a wurin, na yadda kwamfutar ke magana da faifan, shi ma a mayar da shi yadda yake a da. Zaɓi biyu ne kawai. Ya canza zuwa ɗayan.

Ta tashi. Hoton wani masallaci da Malam ya sa a fuskarta ya fito, cikin sauri irin wanda tsohuwar ba ta taɓa yi ba. Badamasi bai yi murna ba. Ya buɗe manhajar, ta buɗu ba ta nemi lamba ba. Ya fara buɗe waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ni ina ƙirgawa da alli a jikin tebur. Ajamin yana fitowa sarai, da wasullansa. Ta goma sha biyu ta ƙi. Ta buɗu, amma ba rubutu, sai wasu ƙananan akwatuna da alamomi marasa ma'ana. Ta ashirin da bakwai haka. Ta talatin, baiti tara na farko suna nan, sauran akwatuna.

Talatin da takwas lafiya, uku sun tafi.

Na ce masa, "Ai ka yi ƙoƙari. Faifan da ma a lalace ya zo. Ka ce masa haka, ba ƙarya ka yi ba."

Ya ce, "Gaskiya ne a lalace ya zo. Amma da ban danna shi ba, wataƙila da na tatso su. Wataƙila kuma da ban samu ba. Ni ban sani ba, shi ma ba zai sani ba. Ni na hana mu sani."

Washegari da safe ya naɗe kwamfutar ya hau mota zuwa Dangora. Abin da ya faru can shi ya ba ni labari. Ya tarar da Malam a zaure da ɗalibai manya su biyar, ya jira har aka tashi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya kunna kwamfutar ya nuna masa talatin da takwas ɗin, sannan ya nuna masa ukun. Ya faɗi komai, har batun idonsa, har amsar da ya ba shi a waya ranar da abin ya faru.

Malam Jibril ya daɗe yana duban akwatunan nan a allo. Ya tambayi lambobin waƙoƙin, aka gaya masa. Ya tashi ya shiga cikin gida ya fito da ragowar takardun, ya duba su ɗaya ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin ukun.

"Ta goma sha biyun," in ji shi, "ita ya yi da mahaifiyarmu ta rasu."

Badamasi ya ce mini da Malam ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Amma bai yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam Badamasi, da ka gaya mini idonka ba ya gani, da na zauna kusa da kai na karanta maka. Ai ni ina da tabarau." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya sa aka kawo masa fura, Badamasi ya kasa sha.

A makon ya je asibiti aka auna shi. Ya dawo da tabarau mai kauri, ya sa, ba wanda ya fasa kawo masa aiki. Amma walwalarsa ba ta dawo ba. Ya fitar da waƙoƙin talatin da takwas ta hanyar da kowace kwamfuta za ta iya nunawa, ya buga su a takarda kwafi uku, ya kai Dangora da kansa, ba wanda ya sa shi.

A wannan zuwan ne Malam Jibril ya ce masa ya dawo ranar Alhamis. Ya ce yana da yaya mai suna Kande, tsohuwa ce da ta haura tamanin, tana zaune wajen ɗanta a wani ƙauye cikin Kiru. Ba ta iya karatu ba, amma tun tana budurwa take jin uban yana rera waƙoƙin, ta kuma riƙe wasu tana yi lokacin daka. An aika a ɗauko ta.

Ranar Alhamis na raka shi. Aka shimfiɗa wa Iya Kande tabarma a soron ciki. Ƙaramar mace ce, ta rame, amma muryarta da ƙarfi. Malam Jibril ya zauna gabanta da kwamfutar a kan matashi, Badamasi a gefe ya kunna wayarsa yana ɗaukar murya.

"Yaya, ta rasuwar Inna za ki fara mana."

Ta rufe ido ta fara. Ta yi baiti shida a jere ba tuntuɓe, Malam yana bugawa da yatsa biyu yana ce mata ta dakata. A na bakwai ta tsaya. Ta koma farko ta sake taho da gudu ko zai zo, ta sake tsayawa a wurin. Ta tsallaka ta kamo wani daga can gaba, ta ce ba ta tabbata nan ne wurinsa ba.

"Baiti nawa ce duka?" in ji Badamasi a hankali.

Malam ya ce, "Talatin da uku nake tunawa."

Har la'asar sha tara aka samu. Ta ashirin da bakwai kuwa Iya Kande ta ce ba ta taɓa jin ta ba, wataƙila bayan an kai ta ɗakin miji ya yi ta. Ta talatin ta san amshinta kawai.

Badamasi ya ce ko za a haɗa sha taran a jere, yadda mai karatu ba zai ga giɓi ba. Malam Jibril ya girgiza kai. Duk inda baiti ya ɓace sai ya bar layi biyu fayau, ya sa lamba a gefe.

Da za mu tafi, tsohuwar ta tambayi ƙanenta wane ne wannan mai tabarau da ya wuni riƙe da waya a gefe. Malam ya ce mai gyara ne daga Tudun Wada. Ta ce a gaya masa ya dawo bayan an yi girbin gero, wani lokacin in tana sussuka baitocin sukan zo mata da kansu. Badamasi ya durƙusa ya ce to, Iya. Sai da muka iso gida muka sauka daga mota ya tambaye ni ko na san wata nawa ya rage a yanke gero.